Gidan Kowa Ban da Mutum Ɗaya

Pecan Bend, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Mama Ernestine,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, yaya gwiwar taki? Yaya mutanen Louisiana? 'Yata Itzel tana gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da kike wa tsiya cewa ko barka da asuba sai ta waya nake yi. Dole ce ta sa. Duk abin da na rubuta a imel ɗin aiki kowa na iya nema a ba shi ya karanta, kuma an fara nema. Wayar ma yanzu kallonta nake kamar kunama a aljihu.

Mama, sun taɓa Gidan Kowa. Dokar da majalisar jiha ta yi ta fara aiki da shigowar shekara: ba ofis, ba taro, ba shiri a jami'ar gwamnati da za a ce na baƙar fata ne ko na 'yan Latino ko na wasu daban. Allon da kika kafa lokacin da kika buɗe wurin, ma'aikata biyu suka zo da tsani suka kwance shi. Yanzu sunanmu Ofishin Nasarar Ɗalibai. Yara dai ba su daina cewa Gidan Kowa ba.

Da a nan ta tsaya da na haɗiye. Sun kori Lamont, mataimakina, wanda kika ɗauka aiki a shekararki ta ƙarshe. A cin abincin Alhamis ne. Yara sun yi jugum, ba mai taɓa cokali, sai ya miƙe ya ce, "Kai, ku saki ranku! Suna kawai suka canza, aikin yana nan yadda yake." Ashe wani a ɗakin yana ɗaukarsa a waya. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya fito a wani shafi mai farautar irinmu, an rubuta a kai wai jami'a na yi wa doka zagon ƙasa. Ranar Litinin suka karɓe makullinsa. Ni na taya shi kai kwalin kayansa mota, yana ta yi mini barkwanci.

Jiya Dakta Whitlock, shugaban harkokin ɗalibai, ya kira ni. Ya ce, "Nayeli, Bikin Masu Buɗe Hanya bana a bar shi." Na ce, "Yallaɓai, ai na duk wanda ya zama na farko a gidansu da ya gama jami'a ne, ba ruwansa da launin fata." Ya ce, "Na sani. Amma daga ofishinki yake fitowa, kuma ofishinki ne a bidiyo." Bai ko iya kallon idona ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Waɗanda ke ɗakin ranar duk namu ne, ba baƙo. Yara sun riga sun yanke hukunci: Weston Krueger. Ba ki san shi ba, bayan tafiyarki ya zo. Farin yaro ne dogo, ɗan masu kiwon shanu, yana karatun aikin gona. Shekara uku yana zuwa Alhamis, ya ci, ya wanke tukwane, ba ya yawan magana. Yanzu in ya shigo hira ta mutu.

Gemun Lamont ya kama da wuta, Mama, ni kuma ban san da wane ruwa zan shafa nawa ba. Kin san maganin asmar Itzel a kan inshorar aikin nan yake. Ki faɗa mini wani abu, ko faɗa ne.

Na bar ki lafiya.
'Yarki,
Nayeli Barrientos


Opelousas, 17 ga Fabrairu

'Yata Nayeli,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke da jikata. Wasiƙarki ta iso, sai da na nemo babban tabarau, don rubutunki kamar kaza ta yi tono. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Likita ya ce a yanka, na ce ya fara yanka tasa in ga yadda za ta kaya.

Na yi kukan Lamont. Na kira shi, ya ce yana taya surukinsa gyaran rufin gidaje kafin ya samu wani abu. Magana zarar bunu ce, amma abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma da ina ɗakin da ni zan riga shi faɗa.

Allo kuwa kada ya dame ki. Lokacin da na fara, ɗakin ajiyar tsintsiya suka ba ni a ƙarƙashin laburare, da kujera uku, ɗaya ba ƙafa. A nan na ciyar da yara miyar gumbo suna zaune a kan bokiti. Ba allo ke riƙe yaro a jami'a ba.

Biki ma ba na Whitlock ba ne. Wannan mutumin na san shi tun yana ƙaramin malami, ko kyankyaso ya gani sai ya kira taro. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Garin naku cike yake da coci-coci masu ɗakin taro. In yara suka shirya abinsu da kansu, a wajen harabar jami'a, ranar Asabar, wace doka ce ta hana uwa rataya wa ɗanta gyalen kammala karatu? Amma ke ki cire hannunki. Kada ki buga musu ko takarda ɗaya a injin ofis. Kina da 'ya.

Saura maganar yaron shanu. Tambaya ɗaya zan miki: wa ya gan shi? Kin rubuta mini shafi biyu, ban ga inda kika ce wani ya gani ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ni na san yadda ake ji in ka shiga ɗaki hira ta mutu, na sha shi tun kafin a haife ki, kuma ba don in koya wa yara su yi wa wani na buɗe wurin nan ba.

Ki riƙa cin abinci. Na san ki, da hankalinki ya tashi sai kofi.

Ubangiji ya tsare.
Mamanki,
Ernestine Fontenot


Pecan Bend, 14 ga Maris

Mama,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki yafe jinkirin amsa.

Yara sun yi yadda kika ce tun kafin in buɗe baki. Keandra, shugabar ƙungiyarsu, yarinya mai wuta, ta samo ɗakin taron cocin Baptis na titin Magnolia. Iyaye za su kawo abinci. Wata ɗaliba da kakarta ke ɗinki ta ɗauki nauyin gyaluluwa. Ni dai ina kallo kamar baƙuwa, in sun fara maganar sai in tashi in shiga banɗaki don kada a ce na ji.

Amma Alhamis ɗin da ta wuce abu ya ɓaci. Keandra ta ajiye kwando a bakin ƙofa, ta ce daga yau kowa ya zuba wayarsa kafin ya zauna. Kowa ya zuba, har ni. Sai ga Weston ya shigo rungume da tukunyar naman barewa da wake, irin wanda mahaifiyarsa ke aiko mana.

Ta ce, "Malam makiyayi, waya."

Ya ce, "Tana aljihu, a nan za ta zauna."

"To kai ma a waje za ka zauna."

"Shekara uku ina wanke tukunyar gidan nan, Keandra. Yau ni ne ɓarawo?"

"Wa ya ce ɓarawo? Kai ka faɗa. Mu dai mun san motar ubanka, mun ga hoton ɗan siyasar da ya liƙa a bayanta."

Wani daga baya ya yi kukan saniya, aka kwashe da dariya. Fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya dube ni, Mama. Ni ya duba. Ni kuwa a lokacin tunanina ɗaya, in na goyi bayansa kuma ya zama shi ne, yaran nan ba za su sake yarda da ni ba, in kuma na tsawata masa kuma yana ɗauka, gobe ni ce a shafin nan. Kafin in gama auna wannan da wancan ya dire tukunyar a tebur ya fita. Ba wanda ya taɓa naman. Ni na kai tukunyar gida, na kasa ci, na kasa zubarwa.

Keandra ta ce ba za a kira sunansa a biki ba. Na ce mata shi ma na farko ne a gidansu. Ta ce, "Anti Nayeli, Lamont na kan rufin mutane a rana, ke kina tausayin wannan?"

Whitlock ma ya ji labarin cocin. Ya tsaya a ƙofar ofishina, bai shigo ba, ya ce abin da ma'aikaci ya yi ranar Asabar nasa ne, "amma hoto ba ya cewa Asabar ce." Shekaranjiya wata mata da ban taɓa gani ba ta zo wai ɗanta zai shiga jami'a, tana ta tambayata ko har yanzu muna yin "abubuwan da". Jakarta na kan cinyarta, bakin jakar na kallona. Ƙila uwa ce kawai. Na amsa mata kamar ina karanta allon sanarwa, bayan ta fita na ji kunyar kaina.

Ki sa mu a addu'a.
'Yarki,
Nayeli


Gonar Krueger, hanyar Dry Fork, 2 ga Afrilu

Zuwa ga Malama Barrientos,

Ina gaishe ki, da fatan aiki na tafiya lafiya. Ba ki san ni ba. Ni ce Darlene, mahaifiyar Weston. Na kira ofishinki sau biyu aka ce kina taro, shi ya sa na rubuto. Ban iya tsara magana ba, ki yi haƙuri da yadda ta zo.

Tun bara Weston ke ba ni labarin wani biki da ake yi wa yaran da iyayensu ba su yi jami'a ba. Ya ce a babban bikin yaye mutum dubu ne, daga nesa za mu hango shi kamar ƙuda, amma a wannan ni zan hau da kaina in rataya masa gyale. Na ce ni ba na hawa dandamali. Ya ce sai na hau. Har na je gari na sayi riga.

Watan jiya ya ce mini an soke. Na yarda. Sai ranar Asabar a kantin abincin dabbobi na haɗu da Graciela Ochoa, wadda mijinta ke mana aikin shinge, tana ta murna wai an ce ta kawo tamale, abincinsu na masara, bikin 'yarta a wani coci. Na tambayi Weston, ya ce in bar maganar, ya fita wajen shanu. Ya daina zuwa gida ƙarshen mako. Da ya zo ma na ga wandonsa na zamewa.

Ba zan ɓoye miki ba, ni da mijina mun zaɓi mutanen da suka yi dokar nan, kuma mijina zai sake zaɓensu. Mu a tunaninmu wurin naku na wasu ne ban da irinmu. Amma a shekararsa ta farko yaron nan ya haɗa kayansa zai dawo gida, ya ce shi jaki ne a cikin dawaki. Wani Malam Lamont ne ya zauna da shi a kan lissafi har ya ci jarrabawa. Wannan ma gaskiya ce, kuma na san ta.

Tambayata ɗaya ce. Don mu ne aka cire shi, ko wani abu ya yi? In don mu ne, ki gaya mini, ni zan zauna a gida, ku bar shi ya je. In kuma laifi ya yi, shi ma ina so in sani.

Na gode da karanta wannan. Ki huta lafiya.
Darlene Krueger


Pecan Bend, 11 ga Afrilu

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Na haɗo miki da kwafin wasiƙar da mahaifiyar Weston ta aiko mini, ki fara karanta ta. Ni sau uku na karanta, sannan na ɗauki mota na tafi gonar jami'a inda yake aiki.

Na same shi yana zuba wa maruƙa abinci. Na ce, "Weston, ban zo da waya ba, ga hannuna. Kai ne?"

Ya ajiye bokitin. Sai ya ce, "Ni ne, Malama."

Ashe har cikin raina na sa rai ba shi ba ne.

Ya ce a cin abincin Kirsimeti kawunsa ya yi ta masa dariya, wai za a rufe gidan 'yan kukan nan da kake zuwa, yanzu ina za ka ci na banza? Abin ya tsaya masa a rai. Ranar da Lamont ya miƙe ya yi maganar nan, daɗi ya kama shi, ya ɗauka ya tura a zauren hirar danginsu na waya, ya rubuta a ƙasa, "Ga shi nan Kawu, muna nan daram." Kawun ne ya miƙa wa masu shafin.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In ce me? In ce na yanka mutumin da ya hana ni barin makaranta, amma da kyakkyawar niyya?" Ya ce ranar kwandon ma bai ƙi don yana ɗauka ba, ya ga dai in ya zuba wayar kamar ya ce shi mai gaskiya ne, in ya ƙi kuma a tsane shi, sai ya zaɓi a tsane shi. Mahaifiyarsa ba ta cikin zauren, ba ta san komai ba. Sai ya fashe da kuka, ƙaton yaro, maruƙa na lasar hannunsa.

Mama, gaba kura baya sayaki. In na gaya wa yara, sun ce dama mun faɗa, kuma ba mai jin sauran bayanin. In na yi shiru na matsa a sa sunansa, na ci amanar Lamont. Uwarsa na jiran amsa. Biki saura 'yan makonni. Ni kaina ina jin haushinsa, in na tuna Lamont sai in ji kamar in shaƙe shi, in na tuna fuskarsa ranar tukunya sai in rasa inda zan sa kaina. Itzel ta tambaye ni jiya me ya sa nake magana ni kaɗai a mota.

Me zan yi?

'Yarki,
Nayeli


Opelousas, 18 ga Afrilu

'Yata,

Salama da alheri. Na karanta duka biyun. Matar nan Darlene ta burge ni. Ba za mu taɓa zaɓen mutum ɗaya ba ni da ita, amma zan ci abinci a teburinta.

Kin ɗora wa kanki kayan da ba naki ba. Sirrin ba naki ba ne da za ki tona, yafiyar ma ba taki ba ce da za ki bayar. Wanda aka kora shi ke da magana. Ki gaya wa yaron ya wanke fuska ya je ya sami Lamont, da ƙafarsa, ba ta waya ba, wayar nan ta isa haka. Daga nan ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya faɗa da bakinsa, sannan ya gaya wa uwarsa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. In ya kasa, to bai isa gyale ba tukuna, ko da digiri goma.

Keandra kuma ki bar ta ta yi fushinta, tana da dalili. Ki dai gaya mata in ji ni: wurin da ke karɓar waɗanda ba su taɓa ɓata maka rai ba kawai, wannan ba Gidan Kowa ba ne, gidan abokai ne.

Na so in zo in kira sunaye da kaina, tunda ba mai iya korar wadda ta yi ritaya. Amma likitan nan ya yi nasara, za a yanka gwiwar farkon Mayu. Batun zuwanki kuwa, a baya na ce ki cire hannu, yanzu ba zan ce je ko kada ki je ba. Ke za ki sayi maganin Itzel, ba ni ba. Duk wanda kika zaɓa, ke dai 'yata ce.

Ubangiji ya ba ki natsuwa.
Mamanki,
Ernestine


Pecan Bend, 6 ga Mayu

Zuwa ga Malama Darlene,

Ina gaishe ki da maigida, da fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni da na bar ki kina jira. Amsar tambayarki ba daga bakina ya kamata ta fito ba, kuma Weston ya ce mini ya riga ya gaya miki komai.

Ya je ya sami Lamont a wurin aikinsa. Ban san abin da suka ce wa juna ba. Lamont dai ya ce mini bai yafe ba tukuna, kada kowa ya matsa masa. Amma shi yara suka roƙa ya kira sunaye, ya ce ko ya kira duka ko ba ya kiran ko ɗaya.

Ranar Alhamis Weston ya tsaya gaban ɗalibai ya faɗi abin da ya yi. Wasu sun fita. Shugabarsu ta ce ba za ta tafa masa ba, amma ba za ta tare ƙofa ba.

Don haka ki zo. Asabar mai zuwa ne, da hantsi, a cocin Baptis na titin Magnolia. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san yadda ɗakin zai karɓe ku ba. Mai yiwuwa a kira sunan ɗanki ki ji shiru.

An riga an aiko mini cewa shugabana na son ganina ranar Litinin da safe, ba a faɗi dalili ba. Duk da haka zan zo. Ni gajera ce mai tabarau, za ki same ni a bakin ƙofa. Tare za mu shiga, kuma kusa da ke zan zauna.

Sai kin iso. Allah ya kawo ki lafiya.
Nayeli Barrientos